Ƙullin Ganyen 'Yar Madina

Kun taso kuna jin cewa ƙungiyar masu lambun ƙawa ta kori ubanku ne saboda barci a wurin taro. Innarku ce ta ƙirƙiro wannan labari. Ban musa ba, nakan ɗan yi gyangyaɗi idan Sakatare ya fara karanto abin da aka tattauna a zaman baya, amma har shi Ciyaman yana yi, sai dai shi yana da baƙin tabarau. Tunda yanzu gwiwa ta zaunar da ni, kuma ɗan karatun firamaren da na yi bai gama zubewa ba, bari in rubuta muku yadda aka yi, kada in mutu ku gaji ƙarya.

Sana'armu, ga jikokin da za su karanta ba su sani ba, ita ce renon dashe a leda, da shuka fure da ciyawa da shinge a gidajen masu hali, da makarantu, da harabar masallatai. A Gaya ta wancan lokaci, in ka ce wa mutum kana shuka abin da ba a ci, kallon da zai yi maka kamar ka ce kana kiwon ƙuda ne. Don haka muka haɗa kai, mu 'yan ƙalilan na Gaya da Ajingi, muka buɗe reshe a ƙarƙashin uwar ƙungiya da ke Kano. Muna da koriyar riga mai tambarin itace a ƙirji, muna da zaure a waya inda ake turo labarai da hotunan aikin kowa, muna zama duk farkon wata a rumfar Alhaji Tasi'u, wanda shi ne Ciyaman. Ni aka ba muƙamin mai tsawatarwa, ni da ko kaza ban taɓa tsawata wa ta ji ba. Kowa ya san Sabo da barkwanci, in na shiga gidan biki har ango sai ya manta da kunya. Ku riƙe wannan, don shi ya kusa kashe ni.

Babban abokin gabarmu ba rana ba ce, ba gara ba ce. Akuya ce. Ka reni dashe wata da watanni, ka kai shi, ka dasa, ka kewaye da ƙaya, kafin ka wanke hannu akuyar maƙwabta ta yi masa aski. Rabin zamanmu na wata a kan akuya yake ƙarewa. Sai wata rana Ciyaman ya dawo daga Kano da damin rassan wata shuka mai dogon ganye siriri, kamar ganyen turare sak, da jan fure mai haske. Ya ce ba ta son ruwa da yawa, ba ta tsoron zafi, kuma akuya ko kusa da ita ba ta zuwa. Ya ce da idonsa ya gan ta jere a titunan Madina shekarar da ya sauke farali. Nan take muka raɗa mata 'yar Madina, don sunan zai ja masu saye. Muka gwada, aka ɗaure wata akuya mayunwaciya kusa da ita, ta sunsuna ta kau da kai. Muka yi tafi. Duk cikinmu babu wanda ya tambayi akuyar dalilinta.

Da damina ta sauka, ƙungiya ta yanke shawarar raba dashen kyauta a ƙauyuka, don a san da zamanmu. Wasu suka ɗauki Balan, wasu suka yi hanyar Ajingi, ni na ɗauki Kademi saboda yayata Delu a can take aure. Kun san Yaya Delu a tsufanta, amma ba ku san ta da ƙarfinta ba. Unguwarzoma ce, rufin ɗakinta kullum shanye yake da ganyaye da saiwoyi, kuma duk macen da ɗanta ya kwana yana tari ƙofarta take nufa. Ba ta karɓar ko kwabo. Na dasa a bakin rijiya, na dasa a gaban makaranta, sannan na jera mata shinge guda a jikin dangarta. Tana tsaye a kaina da hannu a ƙugu.

"Sabo, wannan maganin mene ne?"

"Ba magani ba ce, Yaya. Ta kallo ce."

"Kallo? Ganye guda Allah ya halitta don kallo? Ya sunanta?"

"'Yar Madina."

Ta sunkuya ta shafa ganyen, ta shafa a fuskarta. Na sake gaya mata cewa ta kallo ce kawai, ta ce in tafi can da shirmena, tun ina yaro ban taɓa faɗin magana a miƙe ba.

Shukar ta kama, ta yi kyau, shekara ta zagayo har aka shiga farkon sanyi, lokacin da mura da tari ke bin yara gida gida. A lokacin ne uwar ƙungiya ta turo mana wata malama daga makarantar koyon aikin gona ta yi mana bita, sunanta Malama Rabi. Muka sa korayen rigunanmu muka cika rumfa. Ta yi bayanin taki, ta yi na yankan reshe, ni kuwa na jingina da ginshiƙi ina sauraro da idanu a rufe, yadda manyan masana ke yi. Abin da ya farkar da ni shi ne na ji ta ce zuciya takan tsaya. Na buɗe ido, sai ga hoton 'yar Madina a wayarta ana miƙa wa juna. Ta faɗi sunanta na Turanci, wanda har yau harshena bai iya ɗauka ba. Ta ce komai nata guba ne, ganye da fure da itace da farin ruwan da ke fita in an karya, ɗanye ko busasshe, har hayaƙinta in an ƙona. Kada a yi asuwaki da ita, kada a soke tsire da tsinkenta, kada a dasa ta inda yara ke wasa. Ta ce shi ya sa a manyan birane ake sa ta a tsakiyar titi, inda hannu ba ya kaiwa. Na ɗaga hannu, mutane suka fara murmushi tun kafin in buɗe baki.

"Malama, in aka dafa ganyen aka sha fa?"

"Baba, wa zai dafa fure ya sha?"

Dukanmu 'yan ƙauye ne, kowa ya san wa zai dafa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ta canja, ta tambayi inda muka dasa. Aka gaya mata. Ta ajiye wayar a hankali.

"Yaro ƙarami, ganye kaɗan ya ishe shi. Ku je ku cire ta yau. Kada ku ƙona, ku haƙa rami ku binne."

Da ta shiga cikin gida yin azahar, Ciyaman ya sa aka sauke labulen rumfa. Ba zan zalunce shi ba, Alhaji Tasi'u ba mugu ba ne, gumi ne ke zuba daga hularsa. Ya ce kowa ya koma inda ya dasa ya tumɓuke a ɓoye, in an tambaya a ce tsutsa ce ta shiga. Ya ce in maganar guba ta fita, duk akuyar da ta mutu a ƙasar Gaya da duk tsohon da Allah ya yi wa rasuwa a kanmu za a ɗora, za a kai mu gaban hukuma, babu mai sake bari mu taka ƙofar gidansa da leda a hannu, kuma mu duka da wannan sana'a muke ciyar da iyali. Ya nemi kowa ya ɗaga hannu ya yi alƙawarin rufe baki. Na ɗaga nawa tare da kowa, don maganarsa ta shige ni, kuma na taɓa ganin yadda taron ƙauye ke yi wa wanda aka kira mai guba.

Na kira wayar Yaya Delu, a kashe. Kullum tana wurin mai caji, kamar can aka haife ta. Na tari acaɓa na ce Kademi. Wannan hanya na bi ta tun ina saurayi, amma ranar nan ba ta ƙarewa. Duk inda na hango mutane sun taru a gindin bishiya sai in ce shi ke nan, daga maƙabarta suke. Muka wuce wasu maza da fartanya a kafaɗa, na riƙe rigar ɗan acaɓa har ya ce Baba za ka kayar da mu. Ashe roron gyaɗa suka fito. Ina ta karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Da muka tsaya a ƙofar gidan, shingen da na dasa yana nan, amma tsirara. Rassa ne kawai a miƙe, babu ganye ko ɗaya sai 'yan toho a can sama. Na san ba akuya ba ce. Na shiga ko sallama ban gama ba, na tarar da Yaya Delu a tabarma tana tsince wake.

"Yaya, ina ganyen 'yar Madina?"

"Ka ga ɗan halak. Ai Allah ya yi maka albarka. Na tsinke na shanya, na ƙulla a tsumma, na raba wa mata ranar sunan gidan Liman."

"An sha?"

"Na ce su adana sai tari ya yi tsanani, a dafa da lemon tsami. Maganin Madina ba na 'yar ƙaramar mura ba ne. Ni dai na ɗan tauna gefen ganye in gwada, wuni na yi ina amai, ƙirjina na bugawa. Ka ga yana da ƙarfi ke nan."

Na ce mata guba ce. Ta yi dariya har wake ya zube, ta ce in bari sai an tara mutane in yi wannan, ita kaɗai asarar barkwanci ce. Na rantse, ta ce ai da rantsuwa nake farawa kullum. Na zauna a ƙasa tsakar gida, na cire hula na ajiye. Ta daɗe tana kallona. Ita ta goye ni, ta san fuskar da nake yi in ƙarya nake, ranar kuwa ba ta gan ta ba.

"Wa da wa kika ba, Yaya?"

"Ni na ƙirga? Duk wadda ta miƙo hannu."

Kun ga tumɓukewa a ɓoye ba ta da sauran amfani. Gubar ta bar jikin danga, tana cikin ɗakuna, a ƙarƙashin katifa da cikin kwalla, tana jiran yaro ya yi tari. Kuma a wannan wata wane yaro ne ba ya tari? Ina tsaye a ƙofar masallaci ana shirin la'asar waya ta yi ƙara, Ciyaman ne, yana tambaya ko na cire. Na gaya masa halin da ake ciki. Ya ce in bi gida gida a hankali in karɓo, kada in yi shela, in tuna na ɗaga hannu. Na ce to. Na kashe wayar ina lissafin gidajen Kademi da matan da suka zo bikin sunan daga unguwanni, na ga kafin in gama bi wata ta ɗora tukunya. Kada ku ɗauka jarumta ce ta motsa ni. Tsoro biyu ne suka kama ni, ɗaya ya fi ɗaya nauyi, na bi mai nauyin.

Bayan an idar da salla na gaya wa Liman da Mai Unguwa. Liman ya miƙo mini lasifika ya ce ni na san abin, ni zan faɗa. Na yi gyaran murya na ce jama'ar Kademi, ni ne Sabo mai fure. Wallahi daga cikin gidaje na jiyo dariyar mata, wani a sahun baya ya ce yau kuma da me ya zo. Na faɗi maganar har ƙarshe, ana ta murmushi ana jiran inda abin dariyar zai fito. Liman ya karɓe lasifikar, ya ce shi ne Liman, ya rantse da Allah ba wasa ba ne, duk macen da ke da ƙullin ganyen Delu ta fito da shi yanzu, kada ta ƙona, kada ta zuba wa dabba. Sai garin ya yi tsit. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba, kuma duk idon sahu a kaina yake.

Aka fara kawowa. Ƙulli ƙulli a tsumma ana zubawa a faifai a ƙofar Mai Unguwa, matasa na haƙa rami a bayan gari. Wata mata ta fito da gudu ko mayafi babu, riƙe da tukunya da tsumma, ruwan ciki kore yana tururi. Ta ce jira take ya huce. Ta dire tukunyar a gabana, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Mijinta ya yo kaina, mutane suka riƙe shi, na ji kalmar mai guba ta fara yawo a baya. Mai Unguwa ne ya ja ni cikin zaurensa. Yaya Delu kuwa tana tsaye bakin faifai, duk wadda ta ajiye sai ta dube ta ta gyaɗa kai. Da aka daina zuwa, ta leƙo zauren, fuskarta kamar an yi mata mutuwa.

"Sabo, saura 'yar Fulani."

Wata mai tallar nono ce, Dije, da ta biyo ranar suna da jaririya a baya tana tari. Yaya ta ba ta ƙulli mafi girma, don ta ce rugarsu da nisa. Wace ruga? Wajen Ajingi dai. Iyakar abin da kowa ya sani ke nan.

Labari ya riga ni isa Gaya. Cikin mako guda masu gidajen da muka yi wa aiki suka sa aka tumɓuke komai, har furannin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wani aikin ƙawata haraba da ƙungiya ta daɗe tana nema ya sulale. Ciyaman da kansa ya je Balan washegari ya yi shela, sauran suka yi a nasu ƙauyukan, tunda babu abin ɓoyewa kuma. Duk da haka a zaman wata aka ce na karya alƙawari, aka dakatar da ni, aka ce in dawo da koriyar riga. Ciyaman ya ce da na jira da mun je tare da malamar asibiti an yi abin cikin tsari, ba a tarwatsa abincin mutane ba. Wataƙila da gaskiyarsa. Shi bai ga tukunyar ba. Na ninke rigar na ajiye, wasu da muka yi shekaru muna cin kwano ɗaya suka daina amsa sallamata.

Ni duk wannan bai dame ni kamar Dije ba. Na shiga bin kasuwar Ajingi duk ranar ci, ina zagaya layin masu nono. To ga inda asali ya cuce ni. Kun san mu Barebari ne, kakanmu daga gabas ya zo da fatauci, kuma tsakaninmu da Fulani wasa ne tun kaka da kakanni. Suna hango zanen fuskata sai a fara.

"Ga bawanmu ya iso. Zo ka ɗauki ƙwarya."

"Don Allah ku saurare ni, akwai wata Dije da aka ba ganyen guba."

"Babarbare ya zo neman matar Fulani da dabara. Wace Dijen? Mu duka Dije ne."

Na yi magiya, na yi rantsuwa, suna ta ƙyalƙyala dariya suna taɓa juna. Duk abin da na shekara ina yi wa iyayensu a bakin tasha suka rama a kaina. Sai da na je da Yaya Delu, ta zauna a cikinsu ta yi musu bayani da muryar tsofaffi, sannan wata dattijuwa ta ce ta gane yarinyar, amma sun tashi. Sun bi shanu kudu cin rani, babu waya, babu wanda ya san inda za su yada zango, sai damina in Allah ya kai mu.

Wannan rani shi ne mafi tsawo a rayuwata. Aiki babu, sai 'yar gonar gado. In ɗayanku ya yi tari sai in miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na daina zuwa biki. Innarku, wadda ta shekara ashirin tana roƙon Allah ya rage mini surutu, ta dawo tana tsokanata.

"Malam, ka ce wani abu mana. Gidan ya zama kamar na haya."

"Me zan ce?"

"Ko ƙaryar da ka saba. Yara na tambaya ko ba ka da lafiya."

Ita ce ta ce muku barci ya sa aka kore ni, don kada a kira ku 'ya'yan mai guba a makaranta ku rasa amsa. Allah ya saka mata, ta iya ƙarya fiye da ni, ba ta dai yawaita ba ne.

Da ruwa ya zauna, aka ce Fulani sun fara dawowa, muka koma Ajingi ni da Yaya. Muna shiga layin nono ta damƙi hannuna ta nuna da haɓa. Wata doguwa ce siririya, tana durƙushe tana dama fura. Abin da na fara dubawa bayanta ne. Babu goyo. Zani ne kawai ɗaure a ƙirji, bayan fayau. Na tsaya cak, na ji kasuwar ta yi nisa. Yaya ce ta iya ƙarasawa.

"Dije, ina 'yar?"

Ta ɗago ta gane ta, ta washe baki, ta ɗaga gefen faifai. Ga yarinya zaune a bayan ƙwarya, ta yi dumu-dumu da fura har gira. Na zauna a kan wani buhu da ban san na waye ba, ina ta hamdala a fili, hawaye na bin gemuna, masu nono na cewa yau Babarbare ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Yaya ta tambaye ta ganyen.

"Maganin Madina? Ai tarin nata ya tafi da kansa tun kafin mu tashi, ban taɓa shi ba. Na adana a cikin kayana."

"Alhamdu lillahi. Yana ina yanzu?"

"A can kudu, a wani mashayi, na haɗu da wata baiwar Allah, ɗanta na tari kamar zai shiɗe. Na ba ta duka, na gaya mata yadda kika ce, da lemon tsami. Abin Madina ai ba a rowarsa."

Na tambayi sunan matar. Ta ce ba ta tambaya ba, matar da mutanenta sun yi gabas da shanunsu, su Dije kuma suka yo arewa. Na tambayi sunan garin. Ta yi tunani, da gaske take son ta taimake ni, sannan ta ce akwai rafi, akwai gada a kansa, kuma mutanen wurin ba sa jin Hausa.

Kai Bashir, da kake jan babbar mota zuwa kudu, kai ka san yawan rafukan da ke da gada a wannan hanya. Ni ban sani ba. Shi ya sa duk dawowarka, kafin ka cire takalmi, nake tambayarka ko ka ji wani labari, kai kuma kake ba ni labarin farashin man fetur.